'Yar Baiwa a Bakin Mutane

Gubi, Bauchi.
Ranar Litinin.

Zuwa ga ƙanena Ya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, ina fatan kasuwa tana albarka, amin. Gaisuwar ke nan na sauke, don haka aka koya mana a gida, ba don raina yana so ba.

Tun da ka ga dama ka rufe lambata a wayarka, kamar ni ce mai tallan maganin basir da ke damunka da kira, na koma wa biro da takarda. Zan bar wannan a hannun Chukwuma, maƙwabcin rumfarka a kasuwar Muda Lawal. Shi dai na san shan mur ɗinka ba ya ba shi tsoro, zai miƙa maka hannu da hannu.

Ranar Asabar na je gidanka in ɗauki 'yarka Amatullah mu ci gaba da shirin jarrabawa kamar yadda muka saba. Na tarar da matarka Yasmin tana tsintar shinkafa, ta kasa haɗa ido da ni. Sai da na matsa mata sannan ta ce ka kai yarinyar Zungur wajen Inna, ƙanwar mahaifiyarmu, ka kuma kwashe littattafanta ka kulle a ɗakinka. Na tambaye ta yaushe za ta dawo, ta ce ba ka faɗa ba. Na tambaye ta ko an sanar da makaranta, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ya'u, kana cikin hankalinka kuwa? Yarinya 'yar shekara goma, wadda za a karanto mata lissafin da ɗan sakandare zai cika shafi yana kai yana kawowa, ta ɗaga ido sama ta ba da amsa kafin a rufe baki, ita ce ka ɗauka ka kai ƙauye korar kaji daga shanya. Ka san wahalar da na sha kafin na samo mata gurbin rubuta jarrabawar makarantar kwana ta haziƙan yara. Asabar ta ƙarshen watan nan za a yi. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma baɗi shekarunta sun wuce waɗanda suke ɗauka. In ta rasa wannan, ta rasa ke nan.

Na ji abin da kake yaɗawa a gari. Wai ni na jawo mata baki, don na kai ta shirin yara na gidan rediyo, mai gabatarwa ya tambaye ni me zan kira irin wannan yarinya, na ce 'yar baiwa ce. Na faɗa, kuma gobe a sake tambayata haka zan sake faɗa. Me kake so in ce? In ce daƙiƙiya ce don hankalinka ya kwanta? Baiwa kyauta ce daga Allah, kuma ban taɓa jin inda aka ce wanda aka yi wa kyauta ya haƙa rami ya binne ta ba.

Ka dawo da ita kafin Juma'a. Ban roƙe ka ba, yayarka ce ke gaya maka. Ka gaida Yasmin da yara, su ba su yi mini komai ba.

Wassalam.
Yayarka, Sauda.

Kasuwar Muda Lawal.
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Sauda,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, tare da fatan kina lafiya, ya aikin koyarwa, ya ɗalibai. Takardarki ta iso. Chukwuma ya tsaya a kaina sai da na karanta ta, kamar kin biya shi ladan gadi.

Ban rufe lambarki don raini ba, Yaya. Na rufe ta ne don kada bakina ya faɗa miki abin da ba zai gogu ba. A takarda mutum yana iya ajiye biro ya sha ruwa.

Kin ce kin faɗi gaskiya a rediyo. To bari in ba ki labarin abin da gaskiyarki ta haifa, tun da ke kina can Gubi, ba ki ga komai ba. Kin faɗi sunan yarinya, kin faɗi sunana, kin faɗi har layin da rumfata take. Washegari Asabar ce, tana zaune a kan buhu kusa da ni kamar kullum. Mutanen da ba su taɓa sayen mudun gero a hannuna ba suka cika mini gaban rumfa. Wannan ya fito da waya wai su yi tsere da ita, wancan ya ɗauke ta bidiyo ba ko sallama. Wani ɗan iska ya rusuno ya ce ta faɗa masa ƙungiyar da za ta ci ƙwallo ranar Lahadi. A gida kuma mata suka fara zarya. Wata ta zo da ɗanta ta roƙi uwar yaran a ba shi sauran ruwan da yarinyar ta sha, ko kansa zai buɗe. A cikin duk waɗannan mutane, waɗanda na ji sun ce tubarkalla ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Daga ranar na hana ta zuwa kasuwa.

Da kin ce yarinyar tana da ƙoƙari, da ba wanda zai waiwayo, don kowane gida akwai mai ƙoƙari. Da kin ce haziƙa ce, da sun ce Allah ya ƙara basira, su wuce. Amma ke malama ce, kin fi ni sanin abin da kunnen mutanenmu yake ji in an ce ɗan baiwa. Wanda ba a koya masa ba ya iya. Wanda aka buɗe masa abin da aka rufe wa saura. Irin wannan yaro ya tashi daga ɗan gidansu, ya zama na kowa, kowa yana da haƙƙin ya zo ya leƙa. Kin san haka, kika zaɓi kalmar da ta fi ƙara a lasifika.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi, ta tashi ba ita ba. A tambaye ta abin da ƙaninta Usama ma zai amsa, sai ta zuba wa mutum ido. Aka yi gwajin lissafi a ajinsu, ta miƙa takarda fara fat. Ni ba yaro ba ne, Yaya. Na ga shanun da baki ya kashe, na ga shagon da baki ya rufe. Wannan kambun baka ne, kuma na san ƙofar da ya shigo.

A gidanmu ba a yabon yaro a gabansa, balle a gaban gari. Haka muka tashi, kuma ba mu mutu ba. Na kai ta inda ba wanda ya san ta, inda za ta ci tuwo ta yi barci ba a nuna ta da yatsa. Maganar jarrabawa kuma, wadda ba ta iya haɗa biyu da uku ba me za ta je ta rubuta? In kai ta su sake yi mata dariya? Ba za ta dawo Juma'a ba. Ki yi haƙuri, a kan komai ina bin maganarki, ban da wannan.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki, Ya'u.

Gubi.
Ranar Lahadi.

Ya'u,

Salamun alaikum. Ina fatan kana lafiya, don ina buƙatar ka da lafiyarka ka karanta wannan har ƙarshe.

Zazzaɓin da kake ta jinjinawa na sauro ne. Rabin yaran unguwarku sun kwanta da shi a ƙarshen damina, su ma duk rediyo na kai su? Ban musa ba, baki gaskiya ne, ido gaskiya ne, na yi islamiyya kafin a yaye ka. Amma abin da aka koya mana shi ne a yi wa yaro addu'a safe da yamma, a tofa masa Falaƙi da Nasi. Ba a ce a cire shi daga makaranta a kulle littattafansa kamar kayan sata ba.

Ka ce haka muka tashi ba mu mutu ba. Kai ne ba ka mutu ba. Kai kana goye lokacin da Malam Job, malamin ajinmu, ya tako keke har ƙofar gida don ya gaya wa Baba cewa a duk shekarunsa na koyarwa bai ga kai irin nawa ba. Ina bayan ƙyaure ina ji. Baba ya ba shi goro, ya ce ya gode, amma don Allah kada ya ƙara faɗar wannan magana ko a gida ko a waje. Ya shigo ya wuce ni bai ko kalle ni ba. Na girma ina zaton kunyata yake ji. Abokan karatuna da nake koya wa darasi a ƙarƙashin bishiya, yau wasunsu likitoci ne, ni kuma sai da na haifi 'ya'ya uku sannan na koma na ƙarasa kwalejin malamai da ƙyar. Wannan shirun da kake taƙama da shi, ni na san nauyinsa, don a kaina aka sauke shi.

Na karanta takardarka daga sama har ƙasa ina neman sunan 'yarka, ban gani ba. Yarinya, yarinyar, ita. Na sani 'yar fari ce, na sani alkunya ce, uba ba ya kama sunan ɗansa na fari. Amma ka zauna ka yi tunani. Shekara goma ba ta taɓa jin sunanta a bakinka ba, ba ta taɓa jin ka ce ta kyauta ba. Ranar da wani ya faɗi alherinta da ƙarfi, ranar ka kore ta daga gari. Me kake so ta fahimta?

Jiya na shiga mota na je Zungur. Inna ta tare ni a zaure da fara'arta da ruwan sanyinta, ta ce ka bar saƙo kada a ba ni yarinya. Ni, a gidan ƙanwar uwata, ana yi mini iyaka da zaure. Ta ƙofa na hango Amatullah a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na ɗaga mata jakar tambayoyin da na zo da su, na kira sunanta. Ta dube ni, ta ajiye faifan, ta shige ɗaki. Yarinyar da take rugowa ta tare ni. Ban san abin da ka zuba mata a kunne a kaina ba, amma Allah yana gani, kuma ban yafe wannan ba.

Na je wajen malamar ajinsu, Malama Yetunde, na ce ta rubuto maka da hannunta ta gaya maka irin yarinyar da kake shirin binnewa. Tun da maganar yayarka ba ta da daraja, ka ji daga bakin bare. In wannan ma bai shige ka ba, zan kai ka gaban kawunmu, a tara dangi, ka maimaita musu cewa rediyo ce ta shanye wa 'yarka ƙwaƙwalwa.

Sai na ji daga gare ka.
Sauda.

Bauchi.
Ranar Talata.

Zuwa ga Alhaji Ya'u, mahaifin Amatullah,

Ina gaishe ka da girmamawa, Alhaji, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Yetunde, malamar aji biyar. Ka san mahaifiyata, a wajenka take sayen wake tun ina ƙarama. Hajiya Sauda ta ce in rubuto maka in shaida cewa 'yarka 'yar baiwa ce. Zan rubuta, amma ba abin da ta ce ba. Na yi takardar nan guda biyu, ɗaya taka, ɗaya tata, don abin da zan faɗa na ku biyu ne. Ku gafarce ni in na yi tsauri, raina ya daɗe a ɓace.

Tun da aka sa mata sunan nan, Amatullah ba ta ƙara yin rana ɗaya irin ta sauran yara a makaranta ba. Duk baƙon da ya zo, shugabanmu zai aiko a fito da ita daga aji, a tsayar da ita a ofis ana jefa mata lambobi, baƙo yana tafi. Na yi magana, aka ce ai talla ce ga makaranta. Wasu malamai suka daina yi mata bayani, suna cewa 'yar baiwa ai ba a koya mata. Aka raba ta da ƙawarta Peculiar, aka ba ta benci ita kaɗai a gaba, wai kada a ɓata ta. Yara suka fara cewa tana da aljani. Ranar da ta yi kuskure ɗaya a rubutun Turanci, aji ya ɗauki ihu wai baiwa ta ƙare. Ta tsaya da alli a hannu har na ce ta zauna.

Ni na san inda lissafin yarinyar nan ya fito, don na tambaye ta tun tana aji uku. Ta ce a rumfar babanta ta koya. Tana zaune a kan buhu kana awo, kana ƙirga mudu da ƙarfi, ita kuma tana bi a zuci tana ƙoƙarin ta riga ka. Ta ce wani lokaci kana yin shiru a tsakiyar ƙirga kamar ka manta, sai ta faɗa, sai ka ci gaba ba ka dube ta ba. Allah ya ba ta kai, ban musa ba. Amma shekara da shekaru ta yi tana wasa shi a gefenka, kuma kalmar baiwa ta share duk wannan kamar ba a yi ba.

Yanzu maganar gwajin da ta miƙa takarda fara. A ranar, da aka fita hutun tara, na zaga bayan aji na same ta a tsugune da Peculiar. Tana zana mata a ƙasa da tsinke, tambayoyin nan da ta bari ba amsa, ɗaya bayan ɗaya, tana yi mata bayani har ta gane. Da ta gan ni ta sa ƙafa ta share. Na ja ta gefe na tambaye ta dalili. Ta ce, "Malama, in na daina sani, za su gaji su tafi. Sai Baba ya koma tafiya da ni kasuwa."

Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Na yi niyyar in zo gida in same ka a hankali, kafin in zo aka ce an kai ta ƙauye.

Alhaji, ba abin da ya kama 'yarka. Baki ya taɓa ta, gaskiya ne, amma ba ta hanyar da kake zato ba. Hajiya, ke kuma duk Asabar da aka hana ta kasuwa, a gidanki take wuni a kan tambayoyi. Ku biyun kuna ta faɗa a kan jarrabawar nan, kuma har yau ban ji wanda ya ce ya tambaye ta ko tana so ba. Makarantar kwana ce, nesa da gida. Ni ina ganin za ta iya, ina kuma so ta rubuta. Amma ni ma ba ni zan tafi ba.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yara.
Taku, Malama Yetunde.

Muda Lawal.
Ranar Juma'a.

Yaya Sauda,

Assalamu alaikum, barka da Juma'a. Ina fatan kin tashi lafiya, kuma ina fatan takardar shaidar da kika aika a rubuto ta iso gare ki kamar yadda ta iso gare ni. Kin ɗauko lauya, ya zo ya ɗaure mu tare. Ni na sha nawa zagin, malamar nan da na sani tun tana rarrafe a gaban rumfata ta wanke ni tas, kuma ban ce ta yi ƙarya ba.

Laraba na rufe rumfa na tafi Zungur. Na tarar an gama casar masarar Inna, ana shirin fitar da zakka. Ban kira yarinyar ba, ban tambaye ta komai ba. Na ɗauki mudu na hau awo a tsakar gida ina ƙirgawa da ƙarfi, ita tana bayan zana tana wanke-wanke. Da na gama, na ce wa Inna ga abin da za a fitar, na faɗi adadin da na san bai kai ba. Inna ta ce to, ta fara jan buhu. Na ji kwanukan sun daina ƙara. Can sai muryarta ta fito daga bayan zana, a hankali: "Inna, zakkar ba ta cika ba. Saura mudu goma sha ɗaya."

Haka ne kuwa, ko rabin mudu babu kuskure. Na ajiye mudun na fita waje na ɗan tsaya, don ba na so Inna ta ga fuskata.

Kin yi mini gori a kan alkunya. To da alkunyar tawa na yi abin da ke da duk iliminki ba ki yi ba. Na dawo na zauna a kan turmi, na juya wa zanar baya, na ce Inna ta tambayi mutuniyarta, jarrabawar nan tana so ko ba ta so, kuma duk abin da ta ce shi za a yi. Inna ta maimaita, kamar yarinyar ba ta ji ba. Ta ce a gaya mini tana so, tana son ta ga irin tambayoyin da suke yi wa yara a can, ko sun fi na kasuwa wuya. Na ce a gaya mata in ta ci, makarantar kwana ce, sai hutu za ta ga gida. Ta ce ta sani, in hutu ya zo a bar ta ta zauna a rumfa. Na ce an bar ta. Na ɗauka magana ta ƙare, har na miƙe. Sai ta ce:

"Inna, ki tambaye shi. In na faɗi, Goggo Sauda za ta ƙara zuwa gidanmu?"

Inna ba ta maimaita wannan ba, don amsar tana wajenki. Kin ce na zuba mata magana a kunne shi ya sa ta guje ki. Wallahi ban taɓa ambatonki da sharri a gabanta ba. Jakar tambayoyin da kika ɗaga mata ita ta kore ta ɗaki. Ki tuna da kyau, Yaya. Kafin ki gano kanta yana ja, daga salla sai salla muke ganinki. Da kika gano, duk Asabar kina ƙofar gida. Kin san abincin da ba ta ci? Kin san ajin da Usama yake? Yarinya ba ta da wayon manya, amma ta iya lissafi, ta kuwa lissafa.

Na dawo da ita jiya, na buɗe mata littattafanta. Za ta rubuta jarrabawa. Kin yi nasara, sai ki yi murna. Amma ga sharaɗina. Daga yau har a gama, ba za ki zo da takarda ko ɗaya ba. Ranar jarrabawa ni zan kai ta, ni zan jira ta, ba na son ganinki a bakin ƙofa. Na je makarantarsu na gaya wa shugaban cewa ranar da ya sake fito da ita gaban baƙo, ranar zan fito da ita gaba ɗaya. Sunan nan kuma da kika raɗa mata, ki bar shi a inda kika samo shi. Ba na son in ƙara jin sa a gidana, ko da wasa.

Na buɗe lambarki, amma na fi son takarda.

Allah ya huci zuciyarki.
Ƙanenki, Ya'u.

Gubi.
Ranar Lahadi.

Ya'u,

Wa alaikas salam. Lafiya lau nake, tun da ka tambaya.

Na ga daɗin da ka ji kana rubuta takardar nan, har ta bayan shafi ana ganin yadda ka danna biro. Ka samu sanda ka doki yayarka. Ni ce zan daina zuwa gidanku don yarinya ta faɗi jarrabawa? Ni da na yi mata wanka da hannuna tana jaririya, uwarta tana kwance? Da ban zo kullum ba a da, aiki ne da nisa, ka san kuɗin mota daga Gubi ba wasa ba ne. Da na ga abin da zai lalace in ba a tsaya ba, na tsaya. Wannan ne laifina. Duk gidan nan ni kaɗai na buɗe baki na ce ga alheri, yau ni ce aka yi wa iyaka da bakin ƙofa, kai da ka kai ta korar kaji kai ne uban kirki. Abin ya yi mini ciwo, Ya'u, ba zan ɓoye maka ba. Na karanta tambayar nan tata na kasa cin abinci.

Na karɓi sharaɗinka, ba don ka fi ni gaskiya ba, don kada ka samu hujjar fasawa. Ba zan zo ba. Amma ka tabbata ta karya da abu mai sauƙi, kada a cika ta da ƙosai ta je tana gyangyaɗi. Fensir biyu, a fere su tun a gida. Ka ce wa Yasmin ta sa ta ta sake duba darasin kusurwoyi, nan ne kawai take ɗan gaggawa, da kuma rubutun Turanci.

Sakamako kuma ni za a fara gaya wa, wannan haƙƙina ne, ni na samo gurbin. Ba na ma shakka, ta ci ta gama. Na riga na gaya wa abokan aikina su shirya jin sunanta a sahun farko.

Ka gaida ta. Ka ce Goggonta tana yi mata addu'a.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi,
Sauda.

Muda Lawal.
Ranar Alhamis.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya.

Na ga kiranki da saƙonninki tun da aka ce sakamako ya fito. Ya fito. Na gani, uwarta ta gani, ita ma ta gani. Malama Yetunde ta sani, kuma kada ki wahalar da kanki, ba za ta faɗa miki ba.

Yarinyar ce ta roƙa kada a gaya miki. Ta ce ki zo gobe bayan sallar Juma'a, za ta dafa miki dambu da hannunta, ki ci, ki yi mata kitso, ku yi hira. Ta ce ki zo ba ki san ko ta ci ko ta faɗi ba, kuma kada ki tambaya.

In za ki iya zuwa a haka, ƙofa a buɗe take, tun jiya ta tanadi tsaki. In ba za ki iya ba, ki yi zamanki, zan san abin da zan gaya mata.

Wassalam.
Ƙanenki, Ya'u.